Waiwaye: Yadda gidajen Heygate suka koma Elephant Park

Wurin da ake kira Elephant Park a kudancin Landan, da can rukunin gidajen haya ne na ƙaramar hukumar Southwark mai suna Heygate. An kammala gininsa a 1974, gidaje sama da 1,200, mazauna kusan 3,000. A wancan zamani ƙananan hukumomi ne ke kan gaba wajen gina wa masu ƙaramin ƙarfi muhalli a Birtaniya.

Dokar gidaje ta 1980, ta gwamnatin Margaret Thatcher, ta canza wannan. Ta ba ɗan haya damar sayen gidan da yake ciki da rangwame mai tsoka, aka kuma ɗaure hannun ƙananan hukumomi wajen amfani da kuɗin cinikin su gina wasu. Gidaje na raguwa, kuɗin gyara na ƙaranci, gine-gine na tsufa.

A 1997 Tony Blair ya zaɓi Aylesbury, wani rukunin gidajen hayar Southwark maƙwabcin Heygate, ya yi jawabinsa na farko mai muhimmanci a matsayin firaminista, kan mutanen da aka manta da su. A 2001 aka tambayi mazauna Aylesbury ko sun yarda a miƙa gidajensu ga wata ƙungiyar gidaje. Kashi 73 cikin ɗari na masu ƙuri'a suka ce a'a. A 2005 majalisar kansiloli ta yanke shawarar rusau duk da haka, wai kuɗin gyara ya fi ƙarfinta.

Heygate ne ya fara ɗanɗanawa. Aka soma kwashe mutane wajen 2007, a Yulin 2010 kuma Southwark ta sa hannu kan yarjejeniyar sake gina wurin da kamfanin gine-gine na Lendlease na Ostiraliya. Farashin filin ya kasance sirri har 2013, lokacin da hukumar ta wallafa takardar a intanet ba ta goge wuraren da take son ɓoyewa da kyau ba. Nan aka ga fam miliyan 50. Kuɗin da ita kanta ta kashe wajen kwashe mutane da biyan diyya kuwa ya kai wajen fam miliyan 44. An sayar da akuya, kuɗin ya kusa ƙarewa a igiya.

Tsarin raya yankin da hukumar ta rubuta da hannunta ya ce kashi 35 cikin ɗari na sababbin gidaje su zama masu rahusa. Kamfanin ya kawo rahoton ƙididdiga cewa ba zai ci riba a haka ba, aka sauko zuwa 25. Sai da mazauna suka kai ƙara kotun sauraron ƙorafin bayanai kafin a saki rahoton. Cikin gidaje sama da 2,500 da aka tsara, masu irin hayar da mutanen Heygate suka saba biya ba su kai 100 ba. Waɗanda suka sayi gidajensu a ƙarƙashin dokar 1980 su ma ba su tsira ba: diyyar ba ta isa sayen wani gida a unguwar ba, da yawa suka koma bayan gari. An fitar da na ƙarshe a Nuwamban 2013, rusau ya ƙare a 2014.

Kansiloli na da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Daga 2010 gwamnatin tsakiya ta Birtaniya ta tsuke bakin aljihu. Ofishin binciken kuɗi na ƙasa ya ce tallafin ƙananan hukumomin Ingila ya ragu da kusan rabi zuwa 2018. Daga 2012 kuma aka sa musu iyaka kan bashin da za su ci don gina gidaje. Wanda ba shi da kuɗi sai fili, da fili zai yi ciniki. Amma a ganina talauci bai wanke su daga ɓoye farashin dukiyar jama'a ba.

A 2018 aka cire iyakar bashin, magajin garin Landan Sadiq Khan kuma ya sharɗanta ƙuri'ar mazauna kafin ofishinsa ya ba da kuɗin babban aikin da ya ƙunshi rusau. Southwark ta yi alkawarin gidaje 11,000 nata na kanta kafin 2043. Croydon, wata ƙaramar hukuma a Landan wadda ta kafa kamfanin gine-ginenta ta ci bashi, ta ayyana kasa daidaita kasafinta a Nuwamban 2020. Aylesbury kuwa, shekara 20 bayan shawarar rusau, har yanzu ba a gama da shi ba.