Cindo da yadda yatsun jariri ke samuwa tun yana ciki

A zangunan Kumasi, daga Aboabo har Asawase, da wuya a ga jariri mai cindo ranar suna ba a yi ta tambayoyi ba. Ga amsar wasu daga ciki.

Yaushe hannu da ƙafa ke fara fitowa?

Wajen mako na 4 da shigar ciki, lokacin da mata da yawa ba su ma san suna da juna biyu ba. Tsiron hannu ne ke riga na ƙafa da kwana ɗaya ko biyu. Zuwa mako na 8 yatsu sun rarrabu.

Me ke tsara yatsun?

Ikon Allah ne, amma ya sanya masa sababi, wato ƙwayoyin gado. A bakin tsiron akwai wata fata mai kauri da ke fitar da sinadarin FGF, shi ke sa hannu tsawo. A 1948 wani masani mai suna John Saunders ya cire wannan fata a jikin ɗan tsakon da ke cikin ƙwai, sai fiffiken ya fito guntu. Ta ɓangaren ƙaramin yatsa kuma akwai wani gungun ƙwayoyin halitta da ke fitar da sinadarin SHH, wanda masana a jami'ar Harvard suka gano aikinsa a 1993. Inda ya yi yawa ƙaramin yatsa ke fitowa, babban yatsa kuwa can nesa inda bai kai ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, da farko hannun shafe yake kamar faranti, sai naman da ke tsakanin yatsu ya mutu da kansa kafin su rabu. In bai mutu ba, a haifi yaro da yatsu a manne.

To cindo fa, laifin uwa ne?

Sam, kuma bai kamata a ɗora mata ba. Yakan bi jini, ta wajen uba ko uwa, kuma na gefen ƙaramin yatsa ya fi yawa a tsakanin baƙar fata.

A ɗaure shi da zare ya faɗi?

Kada a yi a gida. Wani cindon da ƙashi da jijiya a cikinsa. A kai yaro asibiti, irin su Komfo Anokye, likita ya duba.

Magani zai iya ɓata wannan tsari?

Ƙwarai. Thalidomide, da aka riƙa ba masu ciki a ƙasashe da dama kafin a janye shi a 1961, ya sa an haifi jarirai fiye da 10,000 da nakasa, yawanci a hannu da ƙafa. Don haka, 'yar'uwa, da kin ga batan wata, ki fara zuwa awo kafin ki sha wani magani daga kemis.