Waiwaye: Daga Ina Gardamar Sunan Uba na Mutanen Slav Ta Samo Asali?

Masu rubutu a Wikipedia suna ta ja-in-ja kan wata tambaya: shin sunaye irin su Ivanovich da Petrovna sun cancanci shafi nasu, inda za a jera duk fitaccen mutumin da ke ɗauke da su, kamar yadda ake yi wa sunan yanka da sunan dangi? Wasu na cewa suna dai suna ne, a jera. Wasu na cewa wannan bayani ne kawai na wanda ya haife ka. Wanda ya tarar da zancen a tsakiya zai zaci intanet ce ta haifar da shi, alhali tushensa ya haura shekara 400.

Mutumin Rasha, da na Yukren, da na Belarus, waɗanda duk cikin mutanen Slav suke, suna uku gare shi: nasa, da na uba, da na dangi. Na tsakiyar shi Rashawa ke kira otchestvo. Ana ɗaukar sunan uba a liƙa masa -ovich ko -evich in namiji ne, -ovna ko -evna in mace ce. Yuri Gagarin, wanda ya fara zuwa sararin samaniya a 1961, cikakken sunansa Yuri Alekseyevich Gagarin, wato ɗan Aleksei. 'Ya'yansa mata kuwa Yuryevna ne. Sunan ba ya wuce tsara ɗaya, kowane ɗa sai ya sake shi. Mu da muka san Usman ɗan Fodiyo ba za mu sha wuyar gane wannan ba.

Farkon labarin sananne ne. Sarakunan Kiev na dā ba su da sunan dangi irin na yanzu. Vladimir ya karɓi Kiristanci a 988, ɗansa Yaroslav Vladimirovich ya yi mulki har rasuwarsa a 1054, kuma da sunan uba marubuta tarihi ke bambanta wani Yaroslav da wani.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne abin da ya faru daga baya a daular Mosko, kuma a ganina nan gizo ke saƙar. Wannan ƙarshen kalma na -vich ya zama alamar sarauta, ba kowa ke da ikon rubuta shi ba. Manyan fadawa kaɗai ake rubutawa da shi. Talaka ko ɗan kasuwa, in sunan ubansa Pyotr, a takarda sai a sa "Ivan Petrov syn", ma'ana Ivan ɗan Pyotr. Rashawa na kiran wannan rabin sunan uba. Girman abin ya kai ga cewa a 1610 Sarki Vasily Shuisky ya saka wa attajiran gidan Stroganov da izinin a riƙa rubuta su da -vich, kamar yadda ake ba mutum rawani. Mutanen da ke da ma'aikatun gishiri da filaye har bakin Saiberiya, dukiyarsu ba ta saya musu haruffan nan ba sai da sarki ya ce.

A ƙarni na 18 aka mayar da abin doka. Sarki Pyotr na Ɗaya ya kasa ma'aikatan gwamnati mataki 14 a 1722, sannan a zamanin Sarauniya Katerina ta Biyu aka tsara cewa masu mataki biyar na sama a rubuta su da cikakken -vich, na shida zuwa na takwas da rabin sunan uba, sauran kuwa da sunansu kawai. Daga nan hanya ta rabu biyu. Rabin sunan nan na talakawa ya yar da kalmar "syn", ya daskare, ya zama sunan dangi: Petrov, Ivanov, Sidorov. Shi kuwa -vich na fada sai ya gangaro a hankali ya zama kalmar girmamawa ga kowa. An 'yanta manoman da ke ƙarƙashin iyayen gida a 1861, sannan Tarayyar Sobiyet ta fito da fasfo na cikin gida a 1932 mai gurbi uku, har sunan uban ya bi Musulmin daular. Shi ya sa ɗan damben Dagestan yake Khabib Abdulmanapovich Nurmagomedov.

A yamma da kudu abin ya ɗauki wani salo. A ƙasashen da suka zauna ƙarƙashin Poland da Lituweniya, da kuma yankin Balkan, -vich ɗin ne da kansa ya daskare ya koma sunan dangi. Petrovic da Jovanovic na Sabiya, da Ibrahimovic da masu kallon ƙwallo suka sani, gadonsu ake yi daga kaka zuwa jika. Dubi tsohon mai kulob ɗin Chelsea, Roman Arkadyevich Abramovich: kalmomi biyu masu ƙarshe iri ɗaya, ta farko ta ce ubansa Arkady ne, ta biyu ta gidansu ce.

Wannan rabuwa ce ta iso Wikipedia bayan kafa ta a 2001, ta tarar da tsarin da ya saba da gurbi biyu kacal, sunan yanka da sunan dangi. Sunan uba bai dace da ko ɗaya ba. A ɗauki Ilyich: shugabannin Sobiyet Lenin da Brezhnev, da mawaƙin gargajiyar Turai Chaikovsky duk suna da shi, kuma ba abin da ya haɗa su sai cewa iyayensu maza sunansu Ilya. Jera su wuri guda bai ƙari mai karatu da komai ba, don ba wanda zai nemi Brezhnev ta wannan ƙofa.

Duk da haka ban yarda a share shafukan baki ɗaya ba. Sunan uba a Rasha abin faɗa ne a baki kullum. Ɗalibi ba ya ce wa malamarsa Mariya gatsau, sai Mariya Ivanovna. A ƙauye ana kiran dattijo da Petrovich kawai, abokan aiki kuma su taƙaita Aleksandr Aleksandrovich zuwa San Sanych. Lenin ma da Ilyich magoya bayansa ke kiransa, har ƙwan lantarkin da ya fara shiga ƙauyuka a shekarun 1920 aka sa masa suna fitilar Ilyich. Shafin da ya bayyana wannan, ya jera waɗanda -vich ɗinsu sunan dangi ne, ya ƙara da waɗanda duniya ta sani da sunan uba zalla, ya yi aikinsa. Su kuwa sarakunan dā dole a jera su, domin wanda ya ci karo da Mstislavich a littafin tarihi ba shi da wata hanyar gano cewa Izyaslav ake nufi, wanda ya hau gadon Kiev a 1146, ko kuwa ɗan'uwansa Rostislav.