Babban birki ba shi ke sa mota tsayawa cak ba

Jama'a akwai maganar da ta daɗe tana yawo a gareji, wai in kana so motarka ta riƙa tsayawa da wuri to ka sa mata manyan faifan birki masu tsada. Wallahi ba haka abin yake ba. Birki taya yake riƙewa, ita kuma taya ita ke riƙe kwalta. In dai birkin da motar ta zo da shi yana iya kulle taya ko ya tada ABS, wato na'urar hana taya kullewa mai kawo karkarwar nan da kake ji a ƙafa in ka taka da ƙarfi, to ƙarfinsa ya isa, saura aikin taya ne. Abin na ba ni takaici, sai ka ga mutum ya zuba kuɗi a birki alhali tayoyinsa tokumbo ne sun suɗe sumul, ruwa na sauka mota ta kama santsi da iyali a ciki.

Don ka san shekarun tayarka, duƙa ka duba gefenta, lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT, in ka ga 2319 to satin 23 na 2019 aka yi ta.

Amfanin babban birki shi ne jure zafi, kamar a gangaren Hawan Kibo inda in ka yi ta takawa birki ya yi zafi ya daina kamawa, nan ma dai saukar da giya ya kamata. Man birki kuma yana shan danshi, a canza shi kamar duk shekara 2. Sannan gudu, daga 60 zuwa 120 nisan da mota ke ci bayan ka taka birki sau huɗu yake ninkuwa ba sau biyu ba.