Waiwaye: Daga Index Medicus zuwa PubMed, yadda ake tsara tambaya da adana ta

A shekarar 1879 ne John Shaw Billings, likitan soja da ke kula da ɗakin karatu na babban likitan rundunar sojan Amurka, ya fara fitar da Index Medicus, kundin da ke jera ƙasidun likitanci bisa maudu'insu. A wancan zamani mai bincike kan zauna da kundin ne yana bin shafuka ɗaya bayan ɗaya, yana kwafe abin da ya samu a kan kati.

Wannan ɗakin karatu shi ne ya zama Ɗakin Karatun Likitanci na Ƙasa a 1956, kuma a 1960 ya fito da MeSH, wato jerin kalmomi tsayayyu da ake liƙa wa kowace ƙasida. A ganina nan ne ginshiƙin al'amarin, domin marubuta ba sa kiran cuta da suna ɗaya: ciwon daji kaɗai yana da sunaye barkatai, amma MeSH ya tattara su ƙarƙashin kalmar Neoplasms. Da MEDLARS, tsarin neman ƙasidu ta kwamfuta na wannan ɗakin karatu, ya fara aiki a 1964, likita ba ya taɓa kwamfuta da hannunsa. Yakan rubuta buƙatarsa, ƙwararren ma'aikaci ya mayar da ita tambayar da na'ura za ta gane, sannan a aiko masa da sakamako ta gidan waya bayan makonni. MEDLINE, tsarin da ke ba da damar yin binciken kai tsaye ta kwamfuta daga nesa, ya rage wannan jira a 1971, sai kuma a watan Yunin 1997 aka buɗe PubMed, shafin neman ƙasidun likitanci, kyauta ga duk mai intanet.

Sauƙin ya zo da nasa nauyi, domin aikin da ƙwararru ke yi ya koma wuyan kowa. Mai neman ƙasidu kan zazzaɓin cizon sauro a jikin masu juna biyu dole ya haɗa sunayen cutar da OR (wato "ko"), ya haɗa kalmomin juna biyu da OR, ya sa kowane rukuni cikin baka biyu, sannan ya ɗaure rukunin biyu da AND (wato "da"). Idan baka ɗaya ta kauce daga wurinta, sakamakon ya sauya ba tare da an yi masa gargaɗi ba. Irin wannan tambaya kan ci yini guda ana gyaranta, alhali tarihin bincike na PubMed yana gogewa bayan sa'o'i 8 ba a taɓa shi ba.

Saboda haka aka samar da Cubby a 2000 don adana tambayoyi, sannan My NCBI ya maye gurbinsa a 2005, inda ake iya ajiye tambaya a kuma riƙa samun sababbin ƙasidu ta imel. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ƙa'idar PRISMA-S ta 2021, wadda ta buƙaci masu bitar bincike su wallafa tambayarsu dalla-dalla yadda suka shigar da ita, haɗe da ranar da suka yi binciken, domin wani ya iya maimaitawa ya ga ko an bar wata ƙasida a baya.