Kura ba mushe kaɗai take ci ba

In an kai 'yan makaranta gidan zu na Audu Bako a Kano, da an iso kejin kura sai ka ji malami yana cewa ai ragowar zaki take jira. Tatsuniya ce ta bar mana wannan, inda kullum Gizo ke yi mata wayo.

Kura mai dabbare-dabbare mafarauciya ce, yawancin abin da take ci da kanta take kashewa. Taruwa suke yi su bi jakin dawa har ya gaji. A Ngorongoro ta Tanzaniya, masani Hans Kruuk ya lura a shekarun 1960 cewa sau da yawa zakuna ne ke ƙwace naman kuraye. Wanda ya fi dogara da mushe shi ne sayaki, wato kura mai ratsi-ratsi, kuma ko cikin malaman ba kowa ke bambanta su ba.