Waiwaye: Yadda jirage suka koyi sulalowa ƙasa ba tare da tada unguwa ba

Duk wanda ya taɓa zama kusa da filin jirgin sama ya san ba tashin jirgi kaɗai ke hana barci ba, har da saukarsa. Abin ya ta'azzara ne daga 1958, lokacin da jirgin jet Boeing 707 da ire-irensa suka fara jigilar fasinja. Da farko a kan injin aka ɗora laifin: Amurka ta kafa dokar ƙayyade ƙarar sababbin jirage a 1969, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta bi sahu a 1971.

Sai dai wata ƙarar daga salon saukowa take fitowa. A al'ada, jami'an da ke ba jirage umarni daga ƙasa kan sa matuƙi ya sauko kaɗan, ya miƙe, ya ƙara saukowa, kamar mai sauka daga bene. To, duk sanda jirgi ya miƙe a ƙasa-ƙasa sai an ba injin wuta kafin ya riƙe kansa, mai na ƙonewa, rugugi na sauka a kan rufin mutane. Maganin kuwa kowane direban tirela ya san shi: in ka hau gangara, ɗage ƙafa daga totur. Jirgi ya daɗe a can sama, inda ya fi tsimin mai, sannan ya sulalo a lokaci guda, injin na aiki kaɗan-kaɗan.

Filin Heathrow na Landan ya fara bin wannan salo tun shekarun 1970, zamanin da tsadar man 1973 ta girgiza kamfanoni. A 2002 aka gwada shi da jiragen dakon kaya na kamfanin UPS a Louisville ta Amurka, cikin dare, aka ga ƙara da shan mai sun ragu. Kamfanin jiragen sama na SAS ya yi nasa a Stockholm ta Sweden a 2006, ICAO kuma ta fitar da littafin jagora a 2010.

Me ya hana kowa bi? Cunkoso. Kowane jirgi da saurin sulalowarsa gwargwadon nauyinsa da iskar da ya tarar, ga shi dole a bar tazara tsakaninsu. Jami'in da jirage suka yi wa layi ba zai yi wasa da rayuka don tsimin mai ba, kuma ban ga laifinsa ba. Shi ya sa dabarar ta fi tafiya da dare.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne mazauna bakin fili, domin a kilomitocin ƙarshe duk jirage kan gangara ɗaya suke bi, galibi mai digiri 3, ko ta wane salo suka taho. Saboda su Frankfurt ta Jamus ta ɗaga gangarar ɗaya daga cikin hanyoyin saukarta zuwa digiri 3.2 a 2012, Heathrow ta gwada haka a 2015. Ƙaramin filin London City ya kai har 5.5, amma ba kowane jirgi aka yarje wa sauka a can ba.