Wai mene ne "kash" a harkar abdet ɗin kwamfutoci da yawa?

Kalmar kanta dariya take ba ni, don mu in ka ji mutum ya ce "kash!" toh wani abu ya ɓaci ke nan, amma a bakin masu harkar kwamfuta kash abin alheri ne. Asalinta daga Faransanci take, daga kalmar da ke nufin ɓoye abu, Turawan Ingila suka ara, mu kuma muka tsince ta a wajen masu gyara. Abin da take nufi shi ne wurin da ake ajiye kwafin abin da aka riga aka sauke daga intanet, yadda in an sake buƙatarsa ba sai an koma an sauko da shi ba. Kamar randa ce, an ɗebo ruwa sau ɗaya an zuba, duk mai jin ƙishi ya ɗiba a nan, ba kowa ya ɗau guga ya nufi rijiya ba. Burauzar wayarka ma tana da nata kash ɗin, shi ya sa shafin da ka saba buɗewa yake saurin fitowa.

Inda za ka san darajar kash shi ne ranar da aka ce ga kwamfutoci 12 a ɗaki ɗaya, duk a yi musu abdet, wato a sabunta manhajarsu, a ɗaga su zuwa sabon tsari, layin intanet kuma guda ɗaya ne tal kuma ba wani ƙarfi gare shi ba. Wannan ranar ta riski mutane da yawa, don Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Bari mu yi lissafi. Fayil ɗin girka Windows 11 ya haura giga 5. A ce layinka megabit 10 ne a sakan, kuma a kula, megabit daban megabait daban, bit 8 ne ke yin bait ɗaya, kenan abin da ke shigo maka a zahiri megabait 1.25 ne a sakan. Giga 5 zai ci minti 67 ko kusa da haka, in layin bai yi gardama ba. Yanzu ninka sau 12, giga 60 ke nan, sama da awa 13, kuma in ka kunna su gaba ɗaya don ka yi sauri ba abin da ka rage, layin guda ne suke rabawa, kowacce tana jan ƙafa, wanda ke son tura imel ma sai ya haƙura. Abin takaicin kuma fayil ɗaya ne tak ake ta saukewa sau 12.

Toh kash shi ke raba wannan gardama. Kwamfuta ta farko ta sauke, a ajiye, sauran 11 su ɗiba ta netwok ɗin cikin gida, wanda in na waya ne mai gigabit ɗaya ya ninka wancan layin sau 100.

A Windows abin yana ciki tuntuni mutane ne ba sa leƙawa. Sunansa Delivery Optimization, yana ƙarƙashin Windows Update a cikin saitin. In ka kunna zaɓin karɓar abdet daga wasu kwamfutoci, sai ka zaɓi na cikin netwok ɗinka kaɗai, kar ka zaɓi wanda ya haɗa da kwamfutocin intanet, in ba haka ba naka layin ne zai riƙa tura wa baƙin da ba ka sani ba gutsattsarin abdet. Yadda yake aiki, ana yanka fayil ɗin gunduwa-gunduwa, kowace kwamfuta ta tambayi maƙwabtanta ko akwai mai wannan gutsuren, in babu sannan ta je wajen Microsoft. Shawarata ka bar guda ɗaya ta gama tsaf, ka bar ta a kunne, sannan ka saki sauran. Manyan ofisoshi a da WSUS suke kafawa, wato kwamfuta guda mai tara abdet ta raba wa sauran, yana nan yana aiki amma a 2024 Microsoft ta ce ta daina ƙara masa sabon abu. Masu Mac su ma suna da nasu tun macOS High Sierra na 2017, a saitin rabawa yake.

Ni dai na Linux ya fi kwanta min a rai don kana ganin komai da idonka. A Debian da Ubuntu, waɗanda nau'o'in Linux ne, akwai wata 'yar manhaja apt-cacher-ng, ka girka ta a kwamfuta ɗaya, ko tsohuwa ce ba komai in dai tana da sarari a faifai, tana sauraro a ƙofa mai lamba 3142. Sauran kwamfutocin layi ɗaya kawai za ka rubuta musu a saitin apt, manhajar da ke sauke musu abdet ta girka, ka ce duk abin da za su nema su bi ta wannan adireshin. Shikenan. Ta farko za ta ɗau lokacinta kamar kullum, ta biyu kuwa sai ka ga lambobin suna gudu har ka ɗauka wani abu ya lalace. Kuma kar ka ji tsoron ko na tsakiyar zai cusa maka gurɓataccen abu, apt yana duba sa hannun ma'ajiyar asali, wato inda ake sauko da manhajojin a intanet, da lambar tantance kowane fakiti kafin ya girka, in an taɓa fayil zai ƙi shi.

Wauta ɗaya da na taɓa yi, ban kafe adireshin kwamfutar kash ɗin ba. Rawuta, na'urar da ke raba wa kwamfutocin intanet da adireshi, ta mutu ta dawo, ta ba ta sabuwar lamba, washegari duk sauran suka ƙi yin abdet, kowacce tana ƙwanƙwasa ƙofar da babu kowa ciki, ni kuma ina ta zagin layin intanet da bai san hawa ba bai san sauka ba. Sai da na yi kusan awa guda kafin na farga. Don haka ka ba ta adireshi na dindindin tun ranar farko.

Mutane suna yawan haɗa kash da abin da ake kira mira, wato madubi, alhali ba ɗaya ba ne. Madubi kwafin ma'ajiyar ne gaba ɗayanta, da wanda kake so da wanda har abada ba za ka girka ba, na Ubuntu ya haura giga dubu. Mai ƙaramin layi in ya ce zai yi madubi, gudun gara ne ya faɗa gidan zago. Kash kuwa sai abin da wani ya nema yake ajiyewa.

Yana da iyakarsa dai. In kwamfutocin ba iri ɗaya ba ne, wasu Ubuntu 22.04 wasu 24.04, kowane rukuni nasa daban zai sauke, ribar ta ragu. In adireshin ma'ajiya da https ya fara, abin a rufe yake wucewa, kash ba ya ganin cikinsa balle ya ajiye, sai an yi masa saiti na musamman. Sannan wasu rawutocin suna hana na'urorin da ke kan waifai ganin juna, musamman layin baƙi, a nan Windows za ta yi shiru ta koma saukewa daga intanet kai kana zaton komai lafiya, sai data ta ƙare ka sani.

In duk wannan ya yi maka yawa, filash ma kash ne, illa dai da ƙafa ake kai shi. Ka sauke fayil ɗin girkawa sau ɗaya, da dare lokacin da ba mai amfani da layin, ka sa shi a filash mai aƙalla giga 8, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Sai dai kafin ka fara ka duba ko kwamfutocin za su ɗauki Windows 11 ɗin ma, tana neman TPM 2.0, wani sashen tsaro a cikin kwamfutar, da ram giga 4 da sarari giga 64. Kuma ka tuna bayan girkawa kowacce za ta nemi abdet ɗin da suka fito bayan an haɗa wancan fayil, ga direbobi, wato manhajojin da ke sa sassan kwamfutar aiki, don haka ko da filash ka yi aikin, ka kunna rabawar cikin gida kafin ka jona su da intanet.